Tantin Motar Ƙungiya Da Ruwan Da Ba Daga Sama Yake Zuwa Ba



Tun ranar da aka fito da a-kori-kurar ƙungiya daga wurin mai ɗinki ba a bar ni na huta da tambaya ba. Wasu sun tare ni a ƙofar masallaci, wasu a teburin mai shayi, wasu kuma sun kira ni a waya. Tambayar kusan iri ɗaya ce: me ya sa aka yi wa motar tanti kala biyu, sama roba, gefe yadi, kamar wanda kuɗinsa bai kai ba ya cika da ragowa? Akwai ma wanda ya faɗa a gaban mutane cewa an kwashi kuɗin asusu an sayo tsumma. Tunda ni nake riƙe da littafin taro, kuma ni kwamiti ya ɗora wa bin aikin, ya kamata in yi bayani a fili, don kuɗin na kowa ne. Na kuma san a cikinmu akwai masu motar kansu da ke tunanin yin irin wannan tanti, ƙila su tsinci abin da zai rage musu asara.

Ga waɗanda ba su daɗe da zuwa Shagamu ba, motar nan ita ce ke shiga ƙauyukan goro da yaranmu, ta hanyar Ijebu-Ode har zuwa wajen Ore a jihar Ondo. Wani lokaci su kwana uku, wani lokaci huɗu, kafin lodi ya haɗu. Ba kowane ƙauye ke da masauki ba, kuma ko akwai, ba wanda zai bar kaya da kuɗin mutane a mota ya je ya miƙe ƙafa a gidan wani. Don haka a bodi suke kwana. Shekara biyu da suka wuce wani ɗanmu mai walda ya ga bidiyon irin motocin da Amurkawa ke fita yawon daji da su. Rufin yana kwance a kan bodi lokacin tafiya. Idan an tsaya sai a ɗaga shi sama, yadin da ke naɗe a tsakani ya miƙe ya zama bango, ɗaki ya samu. A can sana'a ce zaunanniya, akwai kamfani mai suna Four Wheel Campers da ke ƙera irinsu tun 1972. Yaron nan ya ce zai iya yin namu, ya kuwa iya.

Ƙarfen da ya haɗa har yau yana nan, ba abin da ya same shi in ban da tsatsa nan da can. Ƙafafu huɗu ne na fayif, ƙarami cikin babba. Mutum biyu su ɗaga rufin kamar mita ɗaya, a soka ƙusa a huji, ya tsaya. Abin da aka lulluɓa a kai shi ne ya ba mu wahala. A lokacin an sa shuɗin tampol ɗin nan na leda wanda kowa ya sani, irin wanda ake shanya barkono a kai. Shi wannan siraran zaren leda ne aka saƙa, aka shafe da wata ledar ciki da waje. Yana sabo ko ɗigo ba ya ratsa shi. Amma rana ce ajalinsa. Tana cin sa a hankali, ya kwaɗe, ya fara barin gari a hannu, sai kuma duk inda aka saba naɗewa ya tsage. Namu bai shiga damina ta biyu da lafiya ba.

Wanda ya taso a gida ya zo nan Kurmi yakan ɗauki lokaci kafin ya gane halin ruwan nan. A Kano ko Katsina damina wata huɗu ce zuwa biyar, Agusta ne tsakiyarta, kuma a yawancin shekaru abin da ke sauka bai kai milimita 1,000 ba. Nan kuwa ana farawa tun Maris ko Afrilu, ya yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ya ɗan ɗaga ƙafa a Agusta daidai lokacin da ake marka a gida, sannan ya dawo a Satumba da Oktoba. A shekara yana kai milimita 1,500 ko fiye. Ku ba ni dama in yi ɗan lissafi, don shi ne ya fara buɗe wa kwamiti ido. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya, lita ɗaya ce. Rufin motarmu ya kusa ninki huɗu na wannan filin. Idan aka yi ruwan milimita 50 a dare guda, wanda ba abin mamaki ba ne a watan Yuni, lita 200 ce ta sauka a kansa. Duro guda ke nan cif, ko jarka takwas mai lita 25, nauyin buhun siminti huɗu. Tsohon rufin kuwa a shimfiɗe yake, babu gangare. Tsakiya ta lotsa, ruwa ya taru ya zama ƙaramin tafki a saman kan masu barci, yana neman ko da hujin allura ne ya bi.

Da wannan ne kaɗai, da maganar ta yi sauƙi. Amma direbanmu ya zo mini da wata. Ya ce, "Malam Sakatare, yoyon ba shi ne ya fi damun mu ba, shi mun san inda yake, bokiti muke tarawa. Akwai daren da ko yayyafi ba a yi ba, taurari ma muke gani, amma da asuba rufin yana ɗigo mana a fuska, bargo ya yi sanyi kamar an tsoma shi a rafi." Ƙaramin cikinsu, yaro ɗan shekara sha tara, ya dawo daga wata tafiya da tari da zazzaɓi, ya yi mako biyu a kwance, kwana huɗu daga ciki a asibiti. Mahaifiyarsa ta kira daga gida, kuma ni aka miƙa wa wayar. Ba ta yi faɗa ba. Tambaya ɗaya ta yi mini, ta ce, "Malam, a ina yake kwana?" Daga nan maganar tanti ta tashi daga ƙarshen jerin abubuwan tattaunawa ta koma ta farko.

A taron ra'ayi ya rabu. Ma'aji ya ce a sake sayen shuɗin, ai ba shi da tsada, in ya mutu a sayi wani. Ban ga laifinsa ba, aikinsa ne ya riƙe bakin jaka. Masu manyan motoci suka ce a daina wasan yara, a sayo tampol mai kauri irin na tirela, a rufe motar ruf sama da ƙasa, a liƙe kowace kafa yadda ko tururuwa ba za ta shiga ba. Wannan ra'ayin shi ke shirin cin zaɓe, don masu shi sun fi murya, kuma kowa ya san tampol ɗin tirela yana zuwa Maiduguri ya dawo siminti bai ji ruwa ba. Sai wani dattijonmu, wanda ya fi shekara arba'in a harkar goro kuma ba kasafai yake magana a taro ba, ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Sakatare, rubuta wannan. Ku duka nan 'yan goro ne ko 'ya'yan 'yan goro. Wa ya taɓa ganin an ɓare goro an wanke yau, an ƙunshe shi a leda an ɗaure baki yau? A kwando ake zuba shi, ba ganye, a bar shi kwanaki ya yi guminsa ya huce. Sai ya gama sannan a shimfiɗa ganyen fita a yi huhu. Huhu yana hana iska ta busar da shi, amma ba ya toshe masa hanci. To goro kun yarda yana numfashi. Ɗan mutum ne za ku sa a leda?"

Aka yi dariya, amma ba wanda ya iya mayar masa. Na rubuta kamar yadda ya ce, kuma duk abin da muka yi daga baya a kan wannan maganar aka gina shi.

Abin da ke faruwa a irin daren da direba ya faɗa ba boyayye ba ne. Mutum ko yana barci yana fitar da ruwa ta numfashi da gumi. Ku sa mutum uku a ɗakin da bai kai girman shagon mai caji ba, ku ƙara da rigunan da suka jiƙe da rana, da takalma masu laka, wani lokaci da kwandunan ɗanyen goro da shi ma guminsa yake yi. Duk wannan danshin yana cikin iskar ɗakin. Can cikin dare rufin ya huce, danshi ya tashi ya tarar da roba mai sanyi, ya koma ruwa. Shi ne abin da muke gani a jikin kwalbar lemo idan an ciro ta daga firji: kwalbar ba ta fashe ba, amma ga ta sharkaf. Wato da mun bi shawarar a rufe ruf da robar tirela, da mun kashe kuɗi mai yawa mun toshe ruwan sama, mun ƙara wa ruwan ciki ƙarfi. Su ma masu irin waɗannan motoci a Amurka kukansu ke nan a lokacin sanyi, har sukan ƙara wani shafi na yadi daga ciki saboda shi.

Yadin auduga mai kauri, irin na tantin sojoji wanda masu ɗinki ke kira kambas, halinsa dabam ne. In ka ɗaga shi a rana za ka ga ƙananan kafofi, har ka ce wannan ai rariya ce. Amma zaren auduga yana kumbura idan ya sha ruwa, kafofin su matse, ruwa ya riƙa gangarewa ta baya. Danshin ciki kuwa yana samun hanyar fita. Larabawan sahara da irin wannan hikimar suke saƙa tantinsu da gashin akuya: a bushe iska tana ratsawa, a jiƙe ya kumbura ya rufe. Mu ma a gida ba baƙon abu ba ne. Ɗakin jinka ba a liƙe shi da gam ba, ciyawa ce zalla, amma gangarensa da yadda aka jera wata a kan wata sun isa su kore ruwa, kuma ba ka taɓa tashi a ɗakin jinka ka ga rufi yana zufa ba.

Sai dai auduga tana da nata aibin, kuma a Kurmi aibin ba ƙarami ba ne. Tana da nauyi idan ta jiƙe, ba ta saurin bushewa, kuma fumfuna tana son ta. In ruwa ya kwanta a kanta na awoyi zai ratsa. In kuma mutum ya jingina kafaɗa ko jaka a jikinta daga ciki ana tsakiyar ruwa, nan take wurin zai fara tsiyaya. Saboda haka ba mu sa ta a sama ba, inda duro guda ke sauka. A sama aka sa robar tirela, a gefe inda ruwa ke wucewa kawai aka sa kambas. Wannan ita ce amsar kala biyun.

Mai ɗinkin da ya yi aikin mutumin Kano ne, ya daɗe yana ɗinka wa masu tirela da masu kanofin biki. Shi ya koya mini cewa kada in je sayen tampol in ce a ba ni mai kyau, don kowane mai shago nasa ne mai kyau. Nauyi ake tambaya, giram nawa ne a kowace mita huɗu-huɗu, wato mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi. Shuɗin leda yakan tsaya tsakanin giram 100 da 200, wani ma bai kai ba. Robar tirela tana kamawa daga wajen 600 zuwa 900. Mun ɗauki mai 650, don mutum biyu ne za su riƙa ɗaga rufin da hannu. Kambas ɗin gefe mai kusan 400 ne. Akwai wani yadi da ya fi auduga dacewa da wannan aiki, ana kiran sa Sunbrella, wanda kamfanin Glen Raven na Amurka ya fitar a 1961. Zaren roba ne da aka rina tun kafin a saƙa, yana numfashi, ba ya ruɓewa kamar auduga, rana ba ta saurin cin sa, shi ya sa masu jiragen ruwa ke son sa. Mun ji kuɗinsa, ma'aji ya yi shiru, muka wuce. Launi ma an ja a kansa. Da yawa sun so baƙi ko kore mai duhu don ba ya nuna datti. Amma duhun launi zafi yake tarawa, kuma ba su ne za su kwanta a ƙarƙashinsa da rana ba. Aka ɗauki ruwan toka mai haske.

Inda na fi ƙaruwa shi ne wajen ɗinki. Ranar da muka kai masa kayan ya ce mini, "Yallaɓai, ruwa ba ya fasa tampol mai kyau. Ƙofa yake nema, kuma mu teloli mu ne ke buɗe masa." Ya sa na ƙirga hujin allura a tsohon namu. A kowace mita akwai sama da 200. Tsohon rufin an haɗa shi ne da ƙyalle biyu, ɗinkin ya bi ta tsakiya layi biyu, tsawon kusan mita biyu da rabi. Huji wajen 1,000 ke nan, an jera su daidai wurin da ruwa ke kwanciya. Don haka a sabon aka nemo roba mai faɗin da za ta rufe saman gaba ɗaya, falle ɗaya, babu ɗinki ko ɗaya a sama. A kusurwoyi inda dole a haɗa, da injin zafi ya narka bakin biyu suka zama ɗaya, bai sa allura ba. Ya kuma gargaɗe ni cewa duk ranar da aka samu yaga kada wani ya matsa mata silikon ɗin gilashi, ba ya kama irin wannan robar da kyau, kuma in ya ɓanɓare ya bar wurin da santsi, gam ɗin gaskiya ma ba zai ƙara kamawa ba. Tana da gam nata, da shi ake faci.

A gefen kambas dole a yi ɗinki, amma shi ma da ƙa'ida. Na sama ya hau kan na ƙasa, kamar yadda ake jera kwanon rufi. Bakin biyu a kalmashe su cikin juna sannan a bi sau biyu. Taku ya zama mai tsawo, don ɗinki mai yawa kusa-kusa yanka yadi yake yi kamar takardar rasit. Zare kuma ba kowane ba. Na auduga zalla yana ruɓewa, nailan rana tana cin sa. Ya yi amfani da wanda cikinsa foliyesta ne bayansa auduga: cikin ya riƙe ƙarfi, bayan ya kumbura idan ya jiƙe ya cike hujin da allura ta yi. Waɗanda suka ga yara suna kwara wa sabon tanti ruwa a bakin gareji kwana uku a jere, suna barin sa ya bushe, suna sake kwarawa, har wani ya ce sakatare ya samu aikin yi, to dalilin ke nan. Sabon kambas sai ya jiƙe ya bushe sau biyu ko uku kafin zarensa ya zauna. In ba a yi masa haka a gida ba, a daji zai yi, a kan mutane.

Ɗanmu mai walda ya ƙara baka uku na ƙarfe a ƙarƙashin rufin, tsakiya ta ɗan tashi, ruwa ba shi da wurin zama. Rufin ya zarce bango da kamar taƙi ɗaya ta kowane gefe. Ƙasan bangon kuma ya sauka ta wajen bodi, ba ta ciki ba, don a tsohon ta ciki aka cusa shi, duk ruwan da ya gangaro kai tsaye yake zuwa ƙarƙashin katifa. Duk inda yadi zai gogi ƙarfe an naɗe ƙarfen da tsohuwar robar cikin taya. Da ita kuma ake ɗaure zobban gefe maimakon igiya, saboda a kan babban titi iska tana fizga, igiya ba ta sassautawa sai zobe ya ɓalle, roba kuwa tana bi tana dawowa. Waɗannan ba su ci kuɗi ba, wurin mai faci aka roƙo.

Taga ita ce aka fi ja a kanta. Akwai biyu a kowane gefe, can sama kusa da rufi, da wata ƙarama a ƙasa ta baya. Iska tana shiga ta ƙasa, mai ɗumi da danshi ta fita ta sama. Kowace taga tana da ragar sauro, da marfi wanda aka ɗinke ta sama, ana tokare shi da ɗan sanda ya tsaya kamar rumfar shago, don a bar shi a buɗe ko ana ruwa. Wani ya ce to ina amfanin kashe kuɗi a hana ruwa, sannan a huda tanti wuri biyar? Ra'ayina shi ne waɗannan hudojin biyar sun fi kowace mita ta roba da muka saya amfani. Rufin kansa, tunda roba ne, zai ci gaba da yin raɓa. Shi ya sa aka rataya masa silin na yadin akoko daga ciki, an bar kamar yatsa biyu a tsakani. Raɓar da ta taru tana bin gangaren baka ta sauka gefe, wadda ta ɗigo akoko ya shanye. Ana ciro shi a wanke.

Yanzu ga abin da nake roƙon kowa ya karanta da kyau, ko bai damu da sauran ba. Da aka ji za a sa kambas, shawarwari suka yi ta zuwa a kan abin da za a shafa masa. Wani ya ce fenti. Fenti yana bushewa ya yi tauri, ya tsattsage a wurin naɗi, ya kuma toshe numfashin da saboda shi aka sayi yadin. Wani ya ce baƙin man inji, masu goro da kansu suka ce a'a, warinsa zai shiga kaya. Amma wadda ta fi ba ni tsoro, kuma na ji ta daga bakin mutum fiye da ɗaya, ita ce a narka kyandir a cikin fetur ko kananzir a shafe tantin da shi. Tana aiki, ba ƙarya ba ne, ruwa ba zai shiga ba. An kuma taɓa yin ta a babban wuri. Ranar 6 ga Yuli, 1944, a garin Hartford na jihar Connecticut a Amurka, wuta ta kama wani katafaren tanti na masu wasan nishaɗi da dabbobi, dubban mutane suna ciki. An shafe rufinsa da kakin kyandir wajen kilo 800 da aka narka a galan 6,000 na fetur, don kada ruwa ya shiga. Cikin kamar minti goma tantin ya ƙone ya rufto, kakin yana narkewa yana zuba a kan mutane. Aƙalla mutum 167 suka mutu, da yawansu yara ne. Fetur yana bushewa ya tafi, amma ya bar yadin ya zama lagwani. Namu tantin taku uku ne, ƙofa ɗaya, yana zaune a saman tankin mai. Abin da muka yarda da shi kawai shi ne a goga ɗan kakin zuma a kan layin ɗinki, a bar rana ta narka shi ya shiga. Jikin yadin ba a shafa masa komai ba, don ya zo da maganinsa daga masana'anta.

Ɗan uwan wannan haɗari shi ne kurfoti. Idan motar ta yi arewa a hunturu, daga Jebba zuwa Mokwa dare yana da sanyi, kuma na san ana shigar da gawayi ciki a ji ɗumi ko a dafa shayi. Gawayi a rufaffen wuri yana fitar da iskar guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Mutum yana jin kasala da ciwon kai, barci ya ɗauke shi, shi ke nan. Irin ta ce ke kashe iyali guda a dare ɗaya idan an kwana da janareta a cikin gida, kuma ba wanda bai taɓa jin irin wannan labarin a ƙasar nan ba. Tsohon tampol yagogi sun yi masa yawa har suka zama rahama. Sabon ya fi shi rufuwa, don haka ya fi shi haɗari ta wannan fuskar, kuma tagogin ba lasisi ba ne. Kwamiti ya yanke: ba kurfoti, ba risho, ba kyandir a ciki, ba kuma barin inji a kunne ana barci. An sayi barguna uku da fitila mai caji, suna cikin akwatin mota. Direba ya sa hannu a littafi a gabana.

Kafin mu biya mai ɗinki cikon kuɗinsa mun kai motar wurin wanki, na shiga ciki da alli, aka sake mata ruwa da tiyo. Shi ya ce a fara daga ƙasa a hau sama a hankali, don in aka fara daga sama ruwa zai bi ko'ina, ba za a gane ta inda ya shiga ba. Wuri biyu na zana: kusurwar gaba ta hagu inda kan noti ya taɓa yadi, da gindin zif na ƙofa. Ya gyara ta farko nan take. Daga lokacin motar ta yi tafiya shida, an yi musu ruwa mai ƙarfi a uku. Direba ya ce akoko yakan yi ɗan sanyi da asuba, amma ba wanda ruwa ya ɗigo wa, kuma bokitin ya koma aikinsa na alwala.

Abin da zai kashe wannan tanti, in ya mutu da wuri, fumfuna ce, kuma hannunmu ne zai jawo ta. Wanda ya sauke rufi yadin yana jiƙe, ya kawo mota ya ajiye kwana uku, zai buɗe ya tarar da baƙaƙen ɗigo da wari, kuma fumfuna cin zaren take yi, ba tabo kawai ba ne. Na san wani lokaci dole a naɗe shi a jiƙe a kama hanya. To da an iso, a ɗaga shi a ranar ya sha iska, ko da dare ne. Wajen wanki kuma ruwa zalla da burushi mai laushi. Omo yana wanke maganin da ke jikin yadin, sannan ragowarsa da ta maƙale a zare tana jawo ruwa ciki maimakon ta kore shi. Bilic kuma yana cin auduga. Yaran wanki ba su san wannan ba, sai an tsaya a kansu.

Masu motar kansu da suka tambaye ni ko su yi irin namu, ya danganta da abin da kuke ɗauka. Mai siminti ko suga ya rufe ruf da roba, shi ne daidai. Mai albasa, mai tumatir, mai goro, da duk wanda yaransa ke kwana a baya, ya bar wa iska hanya.

Saura maganar zif, wadda ba a gama ba. Har yanzu gindinsa yana ɗan tsiyaya idan ruwa ya zo da iska ta baya, kuma laka tana shiga haƙoransa. Mai ɗinki ya ba da shawara biyu: a ƙara masa marfi mai faɗi da zai rufe shi daga waje, ko a cire shi gaba ɗaya a yi ƙofa mai shafi biyu, ɗaya a kan ɗaya, da igiyoyin ɗauri. Ta biyun ta fi ɗorewa amma ta fi jinkirin buɗewa daga ciki, shi ya sa ni na fi karkata ga ta farko. Za a kawo ta a taro mai zuwa, kuma ina so direba da yaransa su zo su faɗi nasu, tunda su ke shiga su fita ta ƙofar. Rasit-rasit na roba, da na kambas, da na ɗinki, da na barguna duk suna wurina a ofis, wanda ke son gani ya same ni bayan la'asar.

Wassalam.
Sakatare